Jinga da Lissafi Mai Zurfi: Hakkin Iyaye da Ikkilisiya a Kan 'Ya'yanmu na Babbar Sakandare

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a taron iyaye da dattawa a Badarawa, Kaduna

  Mun gode wa waɗanda suka taso daga Kwaru, Malali, Unguwan Dosa da Kawo, har da 'yan'uwa da suka ƙetaro gada daga Sabon Tasha da Narayi domin su zauna tare da mu.

Aikin da dattawa suka ɗora mana shi ne mu yi magana a kan jinga, wato aikin makaranta da malami yakan ba ɗalibi ya tafi da shi gida, da yadda take shafar ƙoƙarin 'ya'yanmu na babbar sakandare a lissafi, musamman lissafi mai zurfi, wanda a takardar jarrabawar WAEC da NECO ake kira Further Mathematics. Mun san wani zai ce a ransa, ina ruwan majami'a da lissafi, ba aikin malaman makaranta ba ne? Muna roƙo a yi haƙuri da mu har mu kai ƙarshe, gama za mu ga cewa da hannunmu a cikin wannan magana fiye da yadda muke zato.

Dukanmu mun san yadda zamanmu yake a wannan ɓangare na gari. Tun bayan rikicin Fabrairu da Mayu na shekara ta 2000, da kuma na Nuwamba 2002, 'yan'uwa da yawa sun koma ƙetaren kogi, mu da muka rage ba mu da yawa. Yawancinmu ƙananan ma'aikata ne, da masu sana'ar hannu, da 'yan fansho, da iyalan sojoji. Ba mu da gonaki a nan da za mu bar wa 'ya'ya, kaɗan ne kuma a cikinmu suke da wani babba da zai ɗaga waya saboda ɗansu. Abin da yaro zai riƙe ran da ya bar gidanmu shi ne tsoron Allah da takardar sakamakonsa. Ga tsohon mazaunin NDA nan kusa da mu, ga Kaduna Polytechnic, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga AFIT ta sojojin sama, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Babu wadda za ta ɗauki yaro karatun injiniya, ko kwamfuta, ko likita, in ba shi da kiredit a lissafi. A 2024 WAEC ta sanar cewa kashi 72.12 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawa sun sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A 2025 aka fara sanar da kashi 38.32, bayan an gyara kuskuren da aka gano wajen maki ya koma 62.96. Ko da wannan da aka gyara, fiye da yaro ɗaya cikin uku ya koma gida ba tare da abin da zai buɗe masa ƙofar jami'a ba.

Lissafi mai zurfi kuwa zaɓi ne, ba a tilasta wa kowa. Shi ya sa yara da yawa sukan fara shi a SS1 su ajiye shi kafin SS3, wasu makarantu ma ba su da malaminsa ko kaɗan. Amma yaron da ya guje masa a sakandare, in ya sami shiga injiniya ko kimiyya, zai tarar da shi yana jiransa a shekarar farko, da kalkulas da bekta da tirigonometiri, a babban zaure mai ɗalibai ɗaruruwa inda malami ba zai taɓa sanin sunansa ba. Mun ga 'ya'yanmu da muka yi wa addu'ar godiya a gaban ikkilisiya domin sun sami gurbi, bayan shekara ɗaya ko biyu suka dawo shiru, ko aka mayar da su wani sashen da ba su nema ba. Sau da yawa wannan darasi ne ya kayar da su.

Bari mu kawo misali guda da kowa zai iya bi, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. A ce Baba yana da wayar shinge mita 40, yana so ya kewaye lambu mai kusurwa huɗu, yana kuma neman fili mafi girma da wayar za ta iya ci. In ya yi tsawo 15 faɗi 5, fili ya zama 75. In ya yi 12 da 8, ya zama 96. In ya yi 10 da 10, ya zama 100, babu kuma yadda zai wuce haka. Mu ta gwaji muka samu. Ɗan babbar sakandare ana koya masa ya samu ta kalkulas a layi uku: ya kira faɗin x, tsawon ya zama 20 − x, filin ya zama 20x − x², sai ya nemi inda filin ya daina ƙaruwa, wato inda 20 − 2x ya zama sifiri, x ya fito 10. A kan allo abin yana da sauƙi, kowa a aji zai gyaɗa kai ya kwafa. To ran jarrabawa sai a ce lambun yana jingine da katangar gida, saboda haka gefe uku kaɗai waya za ta kewaye. Yaron da ya kwafi na allo zai sake rubuta 10 da 10 da murna. Amsa kuwa ta canja, faɗi 10 ne, tsawo 20, fili 200. Wanda zai ga wannan shi ne yaron da ya taɓa zama shi kaɗai da irin tambayar nan, ya ɓata, ya goge, ya sake, har ya gane dalilin kowane layi. Wannan zaman shi ne jinga. Darasin minti 40 bai isa ya ba shi wannan ba, kamar yadda ba a koyon ɗinki ta kallon tela sai an hau keke.

Iyayenmu da suka yi makarantar kwana za su tuna da firef. Waɗanda suka yi St. John's College kafin gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970 ta zama Rimi College, ko Queen of Apostles da ta zama Queen Amina College, ko Gindiri, ko Wusasa, za su shaida cewa da yamma ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya shiga aji, da fitila, da shiru, da wani babba da ke zagayawa. Ba wani asiri a ciki. Yawancin 'ya'yanmu yau 'yan jeka-ka-dawo ne. Jingar tana nan ana ba su, amma ƙararrawar da fitilar da shirun babu wanda ya ɗauki nauyinsu.

Masana sun daɗe suna auna wannan abu. Wani malami a Jami'ar Duke ta Amurka, Harris Cooper, tare da abokan aikinsa biyu, ya tattara binciken da aka yi daga 1987 zuwa 2003, suka buga sakamakon a 2006. Sun tarar cewa a firamare dangantakar jinga da cin jarrabawa ba ta da ƙarfi, amma a sakandare ta fi ƙarfi. Wato daidai lokacin da mu iyaye muke sakin hannu, muna cewa yaro ya girma, mu kuma karatun ya fi ƙarfinmu, lokacin ne jinga take fara biyan kuɗinta. Amma Cooper ya yi kashedi cewa ga manyan ɗalibai amfanin yana tsayawa ne tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a dare, duk darussa a haɗe, abin da ya wuce haka gajiya ce. Haka nan a gwajin PISA na 2012, wanda aka yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da yankuna 65, kuma lissafi ne babban abin da aka auna, ɗaliban Shanghai ta ƙasar Sin da suka zo na ɗaya suna yin kusan awa 14 a mako a kan jinga, na Finland kuwa ba sa kai awa 3, duk da haka ba su kasance a baya ba. Ƙungiyar OECD da ta shirya gwajin ta ce bayan kamar awa 4 a mako ƙarin lokaci ba ya ƙara wani abin kirki. Ta kuma lura cewa 'ya'yan masu hali suna yin fiye da awa ɗaya da rabi a mako sama da 'ya'yan talakawa. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka gwada, kuma yawancin waɗancan yara suna da wuta da tebur. A ganinmu, mu a nan ba yawan jinga ne ciwonmu ba, wannan magana ta ƙarshe ce ta fi shafarmu, wato wane yaro ne yake da wurin zama da lokaci, wane ne kuma ba shi da su.

Wani masani Bajamushe, Ulrich Trautwein, ya ƙara wani abu da ya kamata iyaye su ji. Ya tarar cewa azuzuwan da ake ba jinga a kai a kai sun fi ƙoƙari, amma a cikin aji guda, yaron da ya fi daɗewa a kan littafi ba lalle shi ne ya fi ci ba, gama sau da yawa daɗewar alama ce ta cewa ya maƙale. Abin da ya fi nuna wanda zai ci shi ne himmar da ya sa da kulawar da ya yi. Saboda haka, Mama, in kin ga yarinya ta yi awa uku a kan shafi ɗaya, kada ki ce kawai Allah ya yi mata albarka tana da ƙwazo. Ki tambaye ta ko ta maƙale ne.

Akwai kuma yadda ake jera tambayoyin. Doug Rohrer na wata jami'a a Florida ya gwada 'yan shekara 12 zuwa 13, aka buga sakamakon a 2015. An ba su tambayoyi, wasu a jere iri ɗaya bayan iri ɗaya, wasu a gauraye da na darussan baya. Da aka gwada su bayan kwana 30, abin da aka koya a gauraye sun ci kashi 74, wanda aka koya a jere kuwa kashi 42. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. In tambayoyi 20 duka iri ɗaya ne, yaro ba ya bukatar tunanin wace hanya zai bi, ya riga ya sani tun daga ta farko. Jarrabawa kuwa ba ta faɗa maka hanya. Muna roƙon malaman da ke cikinmu, tambaya 6 ko 8 a gauraye, sau uku ko huɗu a mako, sun fi 40 iri ɗaya ran Juma'a.

Yanzu mu zo ga zuciyar yaro, gama jinga ba maki kaɗai take taɓawa ba. Ba a aji yaro yake yanke shawarar ko shi mai lissafi ne ko ba shi ba ne, a gida ne, shi kaɗai da littafi. In ya yi fama da tambaya ya ga ta buɗe, akwai wani daɗi da yake ji wanda zai sa ya nemi ta gaba. In kuwa dare bayan dare ya zauna bai iya ko ɗaya ba, ba wanda zai tambaya, gobe kuma bulala tana jiransa, ba zai ce darasin baya ne ya wuce shi ba, zai ce shi ba shi da kan lissafi. Daga ran da ya faɗi haka ya daina gwadawa. Mu tuna kuma cewa yaran da suke firamare a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, da yawansu sun haye gaba da rami a ƙarƙashinsu. Yaron da ya kasa kalkulas, in ka bi shi a hankali, sau da yawa za ka tarar ba kalkulas ce ta kayar da shi ba, rabe-raben lamba ne ko aljebra ta JS2. Mu iyaye kuma mukan ƙara masa da bakinmu. Sau nawa muka ce a gaban yara, ai mu gidanmu ba a iya lissafi? Mun ba shi izinin faɗuwa ke nan, muka kuma sa ya zama gado.

Malamin da yake ba da jinga a matsayin horo, ya ce tun da kun yi surutu ku yi tambaya 50, yana koya wa aji cewa lissafi azaba ne. Wanda kuma yake bayarwa ba ya dubawa, yana koya musu cewa aikin banza ne. Amma mu yi wa malamai adalci. Malami mai aji huɗu, kowane aji da yara 60, littattafai 240 ke nan. In ya ba kowane littafi minti 3 kacal, awa 12 ke nan a kan jinga guda. Ba zai iya shi kaɗai ba, ko da yana so.

Inda jinga ta fi ƙarfin yaro kuma ba mai taimako, kwafa ce take shigowa. A dā da safe ake yi kafin a yi layi, littafi ɗaya ya zaga aji. Yanzu waya ce. Ana tura amsa ta WhatsApp, tun ƙarshen 2022 kuma da ChatGPT da ire-irensa suka fito, yaro yana ɗaukar hoton tambaya ya sami amsa layi bi layi kafin ya zauna. Ba mu ce a ƙwace wayoyi ba, gama wanda ya yi fama da tambaya tukuna sa'an nan ya duba inda ya ɓata, wayar ta zama masa malami. Amma ya kamata mu kira abu da sunansa. Miƙa wa malami aikin da ba kai ka yi ba da sunan naka ne, ƙarya ce. Yaron da ya yi shekara uku yana wannan ƙaramar ƙarya, ran da jarrabawa ta matso shi ne zai zo ya ce a yi masa rajista a irin cibiyoyin nan da ake kira na mu'ujiza, inda ake rubuta amsa a allo. Abin kunya ne a ce kalmar da muke kiran ayyukan Ubangijinmu da ita an laƙaba ta ga satar jarrabawa, abin da ya fi kunya kuma shi ne akwai iyaye masu bi da suka biya kuɗin da hannunsu, suka kuma zo da baikon godiya da sakamako ya fito.

A nan muke roƙon iyayenmu Fastoci da dattawa su gafarce mu, gama za mu taɓa gida. Mu ɗauki mako guda na wata yarinya 'yar SS2 a kowace ikkilisiyarmu. Litinin koyon waƙa. Talata Birged. Laraba addu'ar tsakiyar mako. Alhamis taron matasa. Juma'a, in ƙarshen wata ne, kwanan addu'a. Asabar sharar majami'a da bikin aure inda mawaƙa za su yi waƙa. A babbar ikkilisiya ta ƙetaren kogi, waɗannan ayyuka sun rabu a kan matasa ɗari biyu. Mu a nan, da yake ba mu da yawa, yara goma ko goma sha biyu ne suke ɗauke da su duka. Yaron da ke kaɗa ganga shi ne sakataren matasa, shi ne malamin Makarantar Lahadi, shi ne mai tayar da janareta. Muna yabonsa daga bagade, ya kuwa cancanci yabo. Amma yaushe zai zauna da lambun Baba da katangarsa? Yaran da suka fi biyayya su ne muke fi cinye wa lokaci, in kuma ya ce ba zai zo koyon waƙa ba domin yana da jinga, sai mu fara raɗa cewa ya yi sanyi a ruhaniya. Ba mu ce a rage sujada ba, ko kaɗan. Amma Daniyel da abokansa uku sun yi shekara uku suna karatun Kaldiyawa a ƙasar da su ne 'yan tsiraru, ba su saki bangaskiyarsu ba, kuma ƙwarewarsu a karatun nan tana cikin shaidarsu.

Ga 'yan mata kuma nauyin ninki biyu ne. Da Hausa kalma ɗaya muke kiran abu biyu, aikin gida na malami da aikin gida na Mama, kuma in suka yi karo mun san wanda yake ci. Ta dawo makaranta, ga ɗiban ruwa, ga wanke-wanke, ga niƙa, ga tuwon dare, ga ƙanne, wani lokaci ga tsaron shago. Ɗan'uwanta yana filin ƙwallo. Ƙarfe tara ta ɗauki littafi, wuta ta ɗauke, ta kunna fitilar waya barci ya kwashe ta. Gobe mu ce lissafi ba na mata ba ne. Grace Alele-Williams, wadda ta sami digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a Jami'ar Chicago a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, a Benin a 1985, ba da wani kai dabam aka haife ta ba. Zumuntar Mata, wannan naku ne, a raba aikin gida tsakanin maza da mata, tsintsiya ba ta taɓa karya hannun ɗa namiji ba.

Abin da kwamiti yake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Muna da abin da gidajenmu da yawa ba su da shi, wato ɗaki mai faɗi da bencina da wuta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gidaje kaɗan ne suke iya tayar da janareta saboda karatun yaro, amma ikkilisiya guda za ta iya sa hasken sola a ɗaki guda. Muna roƙo a buɗe majami'a ko ajin Makarantar Lahadi kwana uku a mako, daga ƙarfe 5 zuwa 7 na yamma domin yara su koma gida kafin dare ya yi, a mayar da firef ɗin da iyayenmu suka sani. A ajiye wayoyi a tebur ɗaya. Dattijo ɗaya ya zauna saboda tsari, ba sai ya iya lissafi ba. Sa'an nan a sami mutum ɗaya ko biyu da suka iya, daga malamanmu da suka yi ritaya, da ɗalibanmu na Polytechnic da jami'a, da 'yan bautar ƙasa da suke sujada tare da mu. Sharaɗin mai taimako ɗaya ne, kada ya karɓi biro daga hannun yaro. Ya tambaye shi inda ya tsaya, ya nuna masa mataki ɗaya, ya wuce. In 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suna so su zo, kuma iyayensu sun yarda, a ba su benci, gama wutar da ake ɗaukewa a gidanmu ita ake ɗaukewa a nasu.

Muna kuma roƙon majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ta yanke shawara a rubuce, ta sanar daga bagade, cewa ɗan SS2 da SS3 ba zai riƙe fiye da aiki ɗaya a tsakiyar mako ba, kuma daga Janairu har a gama JAMB da WAEC da NECO an ɗauke wa 'yan SS3 komai sai sujadar Lahadi. In ba daga bakin Fasto ta fito ba, yaro ba zai iya cewa a'a ga shugaban mawaƙa ba. Mun ce daga SS2 ne domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye da ba su yi karatu mai nisa ba, kada ku ce ba ku da abin yi. Ku ce a kawo littafin lissafi ku gani. Ku duba kwanan wata, yaushe aka yi aiki na ƙarshe. Ku duba ko akwai jan biro na malami, in babu har mako uku ku je makaranta ku tambaya cikin ladabi. Ku duba ko akwai gogewa da karce-karce, gama littafin da yake tsaf babu kuskure ko ɗaya shi ya fi ba mu tsoro. Sa'an nan ku sa yatsa a kan tambaya guda ku ce, bayyana mini wannan da Hausa. Ko ba ku gane amsar ba, za ku gane ko shi ya gane.

Mun ajiye takarda a wurin sakatare a bakin ƙofa. Duk wanda zai iya ba da yamma ɗaya a mako, ko tsofaffin littattafan lissafi da takardun tambayoyin baya da 'ya'yansa suka gama da su, ko gudummawar sola, ya rubuta sunansa kafin ya fita. Muna shirye mu amsa tambayoyi. Ubangiji ya albarkace mu duka. Amin.